Daga La'asar Zuwa Wayewar Gari: Aikin Kwanan Likitoci Masu Neman Ƙwarewa

Da zarar ƙarfe huɗu na yamma ta yi, asibitin koyarwa sai ya sauya kama. A kulle ofisoshi, masu jiran ganin likita a kilinik su watse, manyan likitoci su kama hanyar gida, farfajiyar da ta wuni maƙil da jama'a ta koma sai masu jinya da tabarminsu da kulolin abinci. Waɗanda ke kwance a gado kuwa suna nan. Mai ciwon ƙodar da aka kwantar da hantsi yana nan, tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye tana nan, ga kuma waɗanda ba su iso ba tukuna, suna can bisa hanya daga Gaya ko Giwa ko Gwadabawa a bayan motar haya, an wuni ana gwada na gida bai yi ba. Daga wannan lokaci zuwa takwas na safe, awa 16 ke nan, duk waɗannan rayuka suna hannun wasu 'yan tsirarun matasan likitoci da sunansu ya fito a jadawalin ranar. Su a junansu cewa suke yi suna kol. Masu jinya kuwa likitan dare suka sani.

Sai dai likitan dare ba da dare ya zo ba. Tun takwas na safe yake cikin asibitin, ya yi zagayen marasa lafiya, ya zauna a kilinik, ya bi sakamakon gwaje-gwaje. Lokacin da abokan aikinsa ke tashi, shi a lokacin aikinsa na biyu ke farawa. Ko da gari ya waye, a asibitoci da yawa ba gida zai nufa ba. Fuska zai wanke ya shiga aikin sabuwar rana har wata la'asar ɗin. Daga takwas na safiyar Litinin zuwa huɗu na yammacin Talata awa 32 ne. Idan kuma kol ɗin ƙarshen mako ne a sashen da hannu ya yi ƙaranci, mutum kan shiga ranar Juma'a sai Litinin ya fito.

Mun karɓi wannan lamari tamkar da shi aka halicci aikin likita. Alhali tsari ne da mutane suka shimfiɗa da hannunsu, kuma akwai ƙasashen da suka zauna suka auna shi, suka ga inda yake cutarwa, suka yi masa linzami.

Su wane ne ke kwana?

Wanda ya gama karatun likita na shekara shida zai yi shekara guda ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin kulawar manya, sannan ya yi hidimar ƙasa. In yana son zama ƙwararre, sai ya ci jarrabawar share fage ta ɗaya daga cikin kwalejoji biyu: kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda doka ta kafa a 1979, ko takwararta ta Afirka ta Yamma da ta soma a 1976. Daga nan ya nemi gurbi a asibitin da kwalejin ta amince da shi, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri. Horon kan ci shekara biyar zuwa shida in komai ya tafi daidai. Mataki biyu ne, ƙarami da babba, kowanne da jarrabawarsa, na ƙarshen har da rubuta kundin bincike. Duk tsawon shekarun nan mutum ɗalibi ne kuma ma'aikaci ne, kuma a kansa ne mafi yawan aikin asibitin yake.

Sashen da nake magana a kai shi ne na cututtukan manya waɗanda ba tiyata ake yi musu ba, wanda ma'aikata ke kira medisin: zuciya, ƙoda, hanta, huhu, ƙwaƙwalwa, ciwon suga, da cututtuka masu yaɗuwa. A nan aikin na tambaya ne, da lura da ƙananan alamu, da lissafin magani. Kuskuren wannan sashe ba ya zubar da jini a ƙasa kowa ya gani. Lamba ce guda da aka rubuta ba daidai ba a takardar magani, ko tambaya guda da aka manta ba a yi ba.

Masu kol hawa-hawa ne. Na farko shi ne mai sanin makamar aiki, shi ake fara kira, shi ke ɗibar jini da sa kanula. Na biyu shi ne rijistara, ƙaramin mai neman ƙwarewa, kuma gaskiyar magana shi ne ƙashin bayan daren. Sama da shi akwai babban rijistara. Can ƙoli kuma akwai kwansaltan, ƙwararren da marasa lafiyar ke ƙarƙashin sunansa, wanda galibi yana gida ana tuntuɓarsa ta waya. A takarda tsarin ya yi kyau. A aikace, idan gurabe biyu ko uku na jadawalin babu kowa, sai mutum ɗaya ya zama shi ne na farko shi ne na biyu.

Tsakanin magariba da asuba

Farkon dare na sashen gaggawa ne. Bayan isha'i ake fara shigo da su. Ga saurayi mai ciwon suga da ya bar allura saboda tsada, an kawo shi yana numfashi da ƙarfi, bakinsa ya bushe ƙamas, hankalinsa rabi da rabi. Maganinsa sananne ne, kowane rijistara ya haddace shi: ƙarin ruwa lita bayan lita, insulin kaɗan-kaɗan, awon suga duk awa guda, da sa ido a kan sinadarin fotasiyam na jini, domin insulin na saukar da shi, in ya sauka da yawa kuma zuciya na iya tsayawa. Sanin ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce "duk awa guda". Wannan majinyaci shi kaɗai ya isa ya hana likita zama har safe, ga shi kuma ba shi kaɗai ba ne.

Kafin a gama ɗaura masa ruwa an shigo da mai jego, kwananta arba'in bai daɗe da cika ba, ƙafafu sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai a zaune, tana haki. Wannan ciwon zuciya na masu jego ya fi yawa a ƙasar Hausa fiye da kusan ko'ina a duniya. Tun a shekarun 1970 Farfesa Eldryd Parry da abokin aikinsa Davidson suka yi rubutu a kansa a Zariya, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai wuta a ƙasa. Binciken baya-bayan nan a Kano ƙarƙashin Farfesa Kamilu Karaye ya ƙara nuna hannun talauci da ƙarancin sinadarin seleniyam. Amma da ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba wannan muhawara ce a gaban rijistara ba. Abin da ke gabansa shi ne a zaunar da ita, a sa mata oksijin, a yi mata allurar da za ta fitar da ruwan da ya taru a huhunta, sannan ya tsaya ya ga ko fitsari zai zo. In tukunyar oksijin ɗin ta kusa ƙarewa, shi ne kuma zai bi sawun wata.

Haka daren ke tafiya, kowane lokaci na shekara da nasa. Da zafi ga sanƙarau. Da damina ga amai da gudawa da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Da rani ga fargabar zazzaɓin Lassa, wanda a farkonsa bai da bambanci da kowane zazzaɓi. A Janairun 2020 ya kashe likitoci biyu a Kano bayan sun yi wa wata majinyaciya aiki. Kullum kuwa akwai mai hawan jinin da ya faɗi a banɗaki, da mai ciwon hantar da ke aman jini, da mai sikilar da ƙasusuwansa ke sara, da mai ƙodar da ke buƙatar wanki yanzu-yanzu alhali iyalinsa ba su haɗa kuɗin ba.

Batun kuɗi shi ne rabin aikin dare a ƙasar nan, kuma babu littafin likitanci da ya koyar da shi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci yake fitowa kai tsaye. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, amma doka ba ta cika durowar magani. Saboda haka likita zai rubuta, ɗan'uwan majinyaci ya ruga wurin biya, daga nan kantin magani, a ce babu, ya fita waje neman kemis ɗin da bai rufe ba. In jini ake so, a shiga buga waya ana tashin dangi. Likitan na tsaye ya san abin da ya kamata a yi cikin minti goma, yana kallo yana cin awa biyu. Ba baƙon abu ba ne a ga likita da nas sun haɗa na aljihunsu sun sayi allurar farko. In aka ɗauke wuta kuma janareta bai tashi da wuri ba, da fitilar waya ake neman jijiya.

Duk wannan a sashen gaggawa ne kawai. Wayarsa kuwa ba ta yin shiru. Sista daga ɗakin maza ta ce na gado kaza jininsa ya sauka. Daga ɗakin mata a ce wata ta cire kanula. Daga ɗakin haihuwa a ce ga mai ciki numfashinta ya canza, a zo a duba zuciyarta. Daga ɗakin tiyata a ce sugan wani ya hau. Asibitocin koyarwarmu kuma shimfiɗaɗɗu ne, tsakanin wannan ɗaki da wancan tafiya ce. Yana ratsa baranda masu jinya na miƙewa daga tabarma: "Likita, don Allah ka leƙa mana Baba." "Likita, tun ɗazu ruwan ya ƙare." Kowannensu gaskiyarsa ce, domin shi mutum ɗaya yake jinya. Likitan kuwa yana ɗauke da gado arba'in ko fiye a kansa, kuma dole ya zaɓi wanda zai fara zuwa wurinsa. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Daga nan ne yawancin rigingimun dare ke tashi, har wani lokaci a kai wa ma'aikaci hannu.

Akwai kuma daɗi a cikin daren, kada a ɗauka duka ƙunci ne. Za a kawo dattijo a sume, 'ya'yansa har sun fara salati, a ɗiga jininsa a tsinken awo a ga suga ne ya faɗi ƙasa warwas saboda ya sha magani bai ci abinci ba. A tura masa ruwan gulukos a jijiya, kafin minti biyar ya buɗe ido yana tambayar inda hularsa take. Duk likitan da ya taɓa ganin wannan ba ya mantawa, kuma irinsa ne ke riƙe da yawa daga cikinsu a wannan aiki.

Tsakanin ƙarfe uku zuwa biyar na asuba shi ne lokacin da jikin ɗan'adam ya fi neman barci, kuma a nan ne haɗarin yake. Rubutu ya fara karkacewa a fayil. A karanta layi ɗaya sau uku. A irin wannan lokaci ake lissafin insulin da fotasiyam, magungunan da kuskure kaɗan a cikinsu ke kisa. In an yi rasuwa, likitan nan ne zai tabbatar, shi zai kira babban ɗa gefe ya ce masa sai haƙuri, shi zai cika takarda domin iyali na son ɗaukar gawa da sassafe a yi sutura. Daga bakin wannan gado zai wuce na gaba ba tare da ya zauna ba. A watan azumi, da yawa a tsaye suke sahur, wasu kuma sai kiran assalatu ya riske su ba su kurɓi ko ruwa ba. Likita mace mai ciki ko mai shayarwa ita ma tana cikin jadawalin, ga kuma nata aikin da ke jiranta a gida.

Takwas na safe kuma ga taron bita. Rijistara zai miƙe gaban manya ya karanto duk wanda aka kwantar a daren da duk wanda ya rasu, a yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: me ya sa ka ba da wannan, me ya hana ka yin wancan. Taro ne mai amfani ƙwarai, a nan ake gyara tunanin likita. Amma mutumin da ake gyara wa tunanin bai runtsa ba tun jiya.

Hujjar manya, da abin da aka auna

Manyan likitoci da yawa suna kare wannan tsari, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Sun ce cuta tana da tafiya, wanda bai bi majinyaci daga shigowarsa zuwa wayewar gari ba bai ga tafiyar ba. Sun ce da dare ne matashin likita ke koyon yanke hukunci shi kaɗai. Sun kuma ce duk lokacin da majinyaci ya sauya hannu daga wannan likita zuwa wancan, wani bayani na zubewa a hanya. Duka ukun gaskiya ne. Akwai kuma hujja ta huɗu da ake yawan ji, wato mu ma haka muka yi. Wannan kam ba hujja ba ce.

Asalin tsarin daga Amurka yake. Da aka buɗe asibitin Johns Hopkins a Baltimore a 1889, William Osler a ɓangaren medisin da William Halsted a ɓangaren tiyata suka shimfiɗa horon da matasan likitoci ke zama a cikin asibitin dungurungum, nan ne ɗakin kwanansu, yawancinsu ba su da aure. Kusan shekara ɗari ana tafiya a haka babu mai ƙirga awa.

Abin da ya girgiza tsarin shi ne mutuwar wata yarinya 'yar shekara 18, Libby Zion, a wani asibitin New York a watan Maris na 1984. An kawo ta da dare da zazzaɓi da fizge-fizge. Ƙananan likitoci biyu ne suka duba ta, babban likitan ta waya aka yi magana da shi. Tana shan wani maganin damuwa mai suna fenelzin, aka yi mata allurar fetidin, magunguna biyun kuwa ba sa haɗuwa. Likitar da ke kula da ita na da wasu marasa lafiya kusan 40 a daren. Kafin safiya zafin jikinta ya kai kusan digiri 42, zuciyarta ta tsaya. Mahaifinta Sidney Zion lauya ne kuma ɗan jarida, bai bar maganar ta kwanta ba. Jihar New York ta kafa kwamiti ƙarƙashin Dakta Bertrand Bell, a 1989 kuma ta kafa ƙa'ida: kada mai neman ƙwarewa ya wuce awa 80 a mako, kada ya wuce awa 24 a jere. Abin da aka fi mantawa shi ne, kwamitin ya matsa ƙwarai a kan cewa dole babban likita ya kasance kusa yana sa ido. A 2003 hukumar ACGME mai kula da horon ta mayar da awa 80 ƙa'idar ƙasa baki ɗaya, da hutun kwana ɗaya cikin bakwai, da hana kwana a asibiti fiye da sau ɗaya cikin dare uku.

Masu bincike kuma suka shiga awo. A 1997 wasu masana biyu a Ostireliya, Dawson da Reid, suka nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, kuzarin hannunsa da hankalinsa na raguwa daidai da na wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin 100 a jininsa, iyakar da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da ita. A awa 24 kuma ya kai kusan 0.10. Mu ɗora wannan a kan namu likitan. In ya tashi sallar asuba da ƙarfe biyar, ya cika awa 17 da ƙarfe goma na dare, daidai lokacin da sashen gaggawa ke cika. A 2004 wani bincike a ɗakunan kulawa ta musamman na wani asibitin koyarwa a Boston ya gano cewa sababbin likitoci masu doguwar kwana sun fi yin manyan kurakurai da kusan kashi 36 cikin 100, in aka kwatanta da lokacin da aka taƙaita musu aikin zuwa awa 16. A shekarar da ta biyo baya wani binciken ya nuna haɗarin mota a hanyar komawa gida bayan doguwar kwana ya ninka fiye da sau biyu.

Labarin bai tafi a miƙe ba, kuma adalci ne a faɗa. A 2011 Amurka ta taƙaita wa 'yan shekarar farko aiki zuwa awa 16, a 2017 kuma ta janye ta mayar da su awa 24 da ƙarin huɗu na miƙa aiki. Wani babban gwaji da ake kira iCOMPARE, wanda ya haɗa cibiyoyin horon medisin 63, bai ga bambanci a yawan mace-macen majinyata tsakanin masu dogon zama da masu gajere ba, ko da yake masu dogon zaman sun fi nuna rashin jin daɗin rayuwarsu. Wani gwajin a ɗakunan kulawa ta musamman na yara, da aka wallafa a 2020, ya zo da abin mamaki: da aka rage awa kurakurai suka ƙaru a wasu asibitocin, da aka duba sai aka ga a can an ƙara wa kowane likita yawan marasa lafiya ne. Wato rage awa ba tare da ƙara hannu ba matse aikin kawai yake yi.

Na sha jin ana kafa hujja da wannan a ce ai su ma Turawan sun dawo daga rakiyar rage awa. Wanda ya faɗi haka bai duba da kyau ba. Duk ɓangarorin da aka gwada a waɗannan gwaje-gwaje biyu na Amurka suna ƙarƙashin rufin awa 80 ne da hutun kwana ɗaya a mako. Muhawararsu tsakanin awa 16 da 28 take. Babu wanda ya gwada awa 72, kuma babu kwamitin ɗa'a da zai yarda a gwada. A Birtaniya ma tun Agustan 2009 ƙa'ida ita ce kada matsakaicin aikin ƙananan likitoci ya wuce awa 48 a mako, kuma a Ingila zama ɗaya ba ya wuce awa 13. Damuwar da ake yi game da sauya hannu kuwa an samo mata magani: wani tsarin miƙa aiki da aka gwada a asibitoci tara na Amurka da Kanada, aka wallafa a 2014, ya rage kurakurai da kashi 23 cikin 100. Ba na'ura ba ce, ƙa'ida ce ta abin da likita mai fita zai faɗa wa mai shiga, baki da baki kuma a rubuce. Ba ta cin ko sisi.

Namu halin

A Najeriya doguwar kwana ba don koyarwa ake yin ta ba, don babu wanda zai karɓa ne. Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitoci masu lasisi a ƙasar kusan 55,000 ne, kuma wajen 16,000 sun fice cikin 'yan shekarun nan. Wannan ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma waɗanda suka rage ɗin ma sun fi taruwa a Legas da Abuja. Duk likitan da ya tafi Birtaniya ko Saudiyya, darensa ba ya bin sa. Raba shi ake yi a kan waɗanda suka rage. Jadawalin da aka tsara wa mutum takwas ya koma kan huɗu, kwana ɗaya cikin shida ya zama ɗaya cikin uku, gajiya ta ƙaru, wani ma ya fara cika takardun tafiya. Shi ya sa ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta ƙasa, NARD, ta daɗe tana neman a ba asibitoci damar maye gurbin duk wanda ya tafi nan take, ba sai an jira dogon izini daga Abuja ba.

A 2025, bayan rahotannin mutuwar wani matashin likita a bakin aiki a Fatakwal, ƙungiyar ta umarci 'ya'yanta da cewa daga 1 ga Oktoba kada wanda ya ƙara yin kol fiye da awa 24 a jere, kuma a huta bayansa. Mataki ne da ya dace. Amma umarnin ƙungiya ba doka ba ne, kuma rijistarar da zai kalli kwansaltan ɗin da zai sa hannu a takardar jarrabawarsa ya ce masa lokacina ya cika, ga kuma majinyaci kwance babu mai karɓa, an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Yawancinsu za su tsaya. Tarbiyyarsu da imaninsu ba za su bar su su tafi ba, kuma da wannan kunya tasu tsarin ke ci gaba da tafiya.

Ga mai jinya, akwai abin da ke hannunka. In za ka kawo mara lafiya da dare, ka haɗo duk magungunan da yake sha a leda guda, na asibiti da na kemis da na gargajiya, kada ka ɓoye ko ɗaya. A zaɓi mutum ɗaya da ya san ciwon tun farkonsa ya yi bayani. In ka ga numfashi ya sauya, ko hankali ya gushe, ko jini na zuba, ka faɗa wa nas da waɗannan kalmomin, kada ka tsaya a "jikin ya tashi", domin da abin da ka faɗa ake tantance wanda za a fara zuwa wurinsa. In an zo da allura, haƙƙinka ne ka tambayi sunanta da amfaninta, cikin ladabi. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan. Sau da yawa ma tambayar ce ke sa shi ya sake duba abin da ya rubuta.

Sauran nauyin na masu iko ne. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da gwamnatocin jihohi su rubuta iyakar awa 24 da hutun washegari a ƙa'idar aiki, su ɗauki likitocin da za su sa hakan ya yiwu, domin ɗaya ba ya tafiya sai da ɗaya. Shugabannin asibitoci su tanadi ɗakin kol mai gado da ruwa da makulli, da abincin dare, da durowar magungunan gaggawa da za a buɗe kafin a tambayi rasit. Kwansaltan mai kol ya zama wanda in an kira shi ƙarfe uku zai ɗauka, in ta kama ya zo, ba tare da ƙaramin ya ji tsoron kiran ba. Kwalejojin nan biyu kuwa su ne ke riƙe da sandar da ta fi kowace tsawo, tunda babu asibitin da zai horar da ƙwararru sai da amincewarsu. Idan tawagarsu ta zo duba sashe, ta nemi jadawalin kol na wata shida da suka wuce, ta zauna da rijistarori ba tare da shugabanninsu a ɗakin ba. Sashen da aka samu yana tsayar da likita kwana biyu ko uku a jere, a dakatar da amincewarsa har sai ya gyara.